Murfin Lagireton Malam Dakata

A layinsu babu mai kiransa da sunansa na gaskiya sai Malam Dakata, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa ya san zancen. Ana cikin tafiya lafiya lau sai ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya ce, "A ɗan dakata," ya zari tsumma ya fice. Ba wani ya hango zai gaisar ba, ba kuma uzuri ne ya matsa masa ba. Murfin lagireto zai murɗa.

Motar baƙa ce, doguwa, da manyan fitilu biyu a waje kamar idanun kwaɗo, da matakala a gefen ƙofa. Ta girme shi, shi da gemunsa ya yi fari fat. Irin motocin nan ne na da, waɗanda ba a ɓoye musu murfin lagireto a cikin bonet ba. A waje yake, tsaye a kan hancin motar, direba na tuƙi yana kallonsa. Na tagulla ne, da ɗan tsuntsu a kansa mai karyayyen fiffike ɗaya. Haƙoran da ke riƙe murfin sun cinye tun tuni, saboda haka girgizar titi take warware shi kaɗan-kaɗan. In bakin tsuntsun na kallon gaba, lafiya. In ya fara karkata hagu, tururi zai soma tsartuwa yana jiƙa gilashi, in kuwa aka yi masa kunnen uwar shegu, sai murfin ya yi tsalle ya bar motar. Malam Dakata ya fi kallon tsuntsun nan a kan fuskar kowane mahaluki, har da ta matarsa, kuma ita da bakinta take faɗa.

Yana saurayi ya samu aikin tuƙa wani likitan dabbobi, mutum mai faɗa da riƙon hannu, wanda ya sayi motar da tsufanta don ta yi arha. Tare suka gama yawon gonaki da garken shanu da gidajen kaji, likita a baya da jakar allurai, shi a gaba. A nan ya gaji tsayawar. Likita zai ɗaga kai daga jarida ya ce, "Tsuntsunka ya juya," shi kuma ya sauka ya murɗa. Ba su taɓa kai murfin gyara ba, don likita ya rantse ba zai biya makanike a kan abin da tsumma ke maganinsa ba. Da likita ya rasu, 'ya'yansa suka raba gida da kujeru har da labulaye, motar ce kawai aka rasa mai so. Sai suka miƙa masa mukulli a matsayin sallama, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gidan. Ni dai ban ga abin godiya a nan ba, amma shi har da hawayensa.

Da ita ya ci gaba da riƙe gida. Masu ɗaukar hoto kan yi hayarta su jingina amare a jikinta, in babu wannan ya kwaso wa masu shaguna kaya daga tasha. Ba a yi arziki ba, ba a kuma kwana da yunwa ba, don matarsa tela ce, kekenta bai san hutu ba. A ɗaki biyu da rumfar kwano suka raini yara uku, rumfar kuwa mota ce ta cinye ta. Mazan biyu sun yi nisa wajen neman abinci, sai dai a ji su ta waya. Macen, Auta, malamar makaranta ce, tana aure a can ɗaya gefen gari kusa da babban asibiti.

Abu ɗaya yake alfahari da shi, ya kuma ishi mutane da shi. Tsohuwar mota in ta yi zafi takan zubar da ruwa ta ƙasa, ta wani siririn bututu da aka yi mata domin haka. Tasa ba ta yi. Yakan ja baƙo har rumfa ya nuna masa siminti a bushe ƙayau, ya ce, "Ka gani? Tsohuwa ce, amma ba ta fitsarin kwance." Uwargida, haka yake kiran matarsa, takan amsa daga kan keke, "Ai ta baki take yi, Malam. Wanne ya fi?"

Sai ciwo ya shigo gidan. Ƙafafun Uwargida suka fara kumbura, ta ce zaman keke ne. Fuska ta bi. Da aka je asibiti aka ce ƙoda ce, duka biyun, kuma babu sauran dabara sai wankin ƙoda da inji sau biyu a mako har iyakar rai. Injinan wankin ba su da yawa, masu jira kuwa sun cika baranda. Kowa da lokacinsa, wanda ya makara a ɗora na bayansa, ba don mugunta ba, don shi ma na bayan ransa a wuya yake. Daga gidansu zuwa asibitin sai an ratsa gari kaf, titin kuma duk ramuka.

Ya ɗauki abin da gaske. Ya sa mata filo biyu a kujerar baya, da roba saboda amai, da mayafi saboda sanyin da take ji in an gama. Sukan fita da wuri, don yakan tsaya gaban gidan mai, ya tsaya a kasuwar katako, ya tsaya a gindin gada, wani lokaci har da ƙari. Haka aka yi watanni, ba su taɓa makara ba.

Ranar da abin ya ɓaci ruwa ake yi. Gilashi ya jiƙe, bai ga tsuntsun ya juya ba, ƙarar faɗuwarsa kawai ya ji. Murfin ya gangara ya faɗa kwata, motar kuma ba ta tuƙuwa babu shi, ruwan lagireton zai fantsale kaf. Ya naɗe hannun riga, ya kwanta a bakin kwata yana laluben ƙazanta, masu wucewa suna kallon dattijo da gemunsa a taɓo, Uwargida tana baya tana haki. Ya samo shi. Amma ko da suka isa an ɗora wani a kan injin, sai suka juyo. Kwanakin da suka biyo baya a zaune ta yi su, jingine da bango, don in ta kwanta numfashinta ɗaukewa yake. Shi kuma yana gefe da mafici, ya kasa haɗa ido da ita.

Auta ta zo kai tsaye daga makaranta, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta leƙa uwarta, ta fito ta sami uban a rumfa yana goge murfin.

"Baba, me ya hana ka tare mata tasi?"

Ya ci gaba da goge murfin. Gaskiyar magana abin bai faɗo masa a rai ba sam. Mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana kai mutane inda za su, bai san yadda ake miƙa matarsa ga wani direba ba.

"Kana cikin kwata kana neman tsuntsu, Umma tana mutuwa a mota. Wallahi Baba ban taɓa jin haushinka irin na yau ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Mun yi magana da maigidana. Akwai gado a ɗakin yara, asibiti kuma ga shi ga mu. Ta dawo wurina."

"Ni fa?"

"Kai sai ka riƙa zuwa."

"In riƙa zuwa gaishe da matata kamar baƙo?"

"Gara ka gaishe ta a gidana da ka gaishe ta a kabari."

Tana faɗa ta rufe baki da hannu, amma magana ta riga ta fita. Ya san gidan nata: hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, ga jikoki ko'ina. Babu inda za a sa tsoho, ko da zai iya zaman gidan suruki, kuma ba zai iya ba. Tun da aka ɗaura musu aure shi da Uwargida ba su taɓa raba wurin kwana ba sai lokutan haihuwa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya mutu ya bar shi babu aiki.

"Ki ba ni dama ɗaya, Auta. Zan gyara."

"To, Baba. Amma in motar nan ta sake tsayawa a hanya da Umma a ciki, ko don murɗa murfi ne, ba zan ƙara neman izininka ba."

Ya shiga gyara ba ji ba gani. Ya naɗa zaren ɗinkin Uwargida a haƙoran murfin, zafi ya cinye shi tun kafin ya kai gidan mai. Ya yanko robar tsohuwar taya ya cusa, ta narke ta cika layi da wari. Ya ɗaure tsuntsun da waya ta wuya ya ja zuwa ƙarfen fitila, murfin bai faɗi ba, amma ya saki, tururi na fita kamar da, fenti kuma ya karce. A tsakanin nan mijin Auta ne yake zuwa ɗaukar surukarsa da motarsa, yana makara wurin aiki, yana kuma tabbatar da cewa kowa ya san ya makara.

Da dabara ta ƙare masa ya kai motar wurin Mai Dalma, abokinsa tun na ƙuruciya, mai gyaran lagireto a bayan tasha. Shagon na kwano ne, baƙi ƙirin da hayaƙi, tsofaffin lagiretoci rataye a bango, ga bahon ruwa mai tsatsa inda yake gwada yoyo.

"Yau wace rana!" in ji Mai Dalma. "Rowar likita ce sai yanzu ta bi shi kabari?"

"Bar wasa. So nake murfin nan ya zauna daram, ko ƙasa za ta tsage."

Mai Dalma ya juya murfin, ya zura yatsa ya shafa cikinsa. "Kai, haƙoransa sun fi nawa lalacewa." Ya yanko zobe daga wata fata mai kauri, ya jiƙa shi da mai, ya zaunar da shi a cikin murfin yadda ko iska ba za ta fita ba. Sannan ya huda gefen murfin, ya sa ɗan ƙaramin noti wanda zai ciji wuyan lagireton. Daga yau ba mai buɗe shi sai da sukudireba.

"Amma ka bar min ita in sauke lagireton in wanke cikinsa. Rabon da a buɗe shi tun ina da gashi a ka."

"Yau za ka gama?"

"Ina! Sai dai jibi ko gata."

"Gobe da safe ake wa Uwargida wanki, kuma ni zan kai ta. Lagireton nan lafiyarsa ƙalau, ko ɗigo ba ya yi."

Mai Dalma ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Motarka ce." Shi da ya san aikinsa, maganar ɗigon nan ta bi ta kunnensa ta wuce bai kama ta ba, don ya saba jin ta a bakin abokinsa kamar gaisuwa.

Da safe Malam Dakata ya aika wa surukinsa cewa ya huta. Ya sa wankakkiyar riga, ya kama Uwargida a hankali har mota. Tsuntsu na kallon gaba ƙyam. Suka zo gidan mai, mai zuba man ya ɗaga hannu zai gaishe shi kamar kullum, sai bayan motar ya gani. Suka wuce kasuwar katako. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

"Uwargida, kin gani? Ko gezau bai yi ba."

"Na gani." Ta ɗan nisa. "Ni dai tsayawar nan ba ta taɓa damuna ba, Malam. In ka fita nake samu in miƙe bayana, jirin ma ya ɗan lafa."

Ya dube ta ta madubi. Fuskarta ta yi fari, ta riƙe robar da hannu biyu. Duk watannin nan bai taɓa tambayar ta ba.

"In tsaya?"

"A'a, wuce. Kada Auta ta ji."

A hawan gada suka tarar da cunkoso, motoci na tafiya taku-taku cikin rana. Agogon zafin motar ya mutu tun zamanin likita, tururin murfin nan shi ne agogonsa, ga shi ya rufe masa baki da hannunsa. Ƙugi ya fara ji daga gaba, irin na tukunyar da aka danne wa murfi, sai warin ƙarfe mai zafi ya biyo. Ya kashe inji, ya zari tsumma ya fita, ya kama tsuntsun zai sassauta yadda hannunsa ya saba, tsuntsu ya ƙi motsi. Ya manta da notin. Sukudireba tana can ƙarƙashin kujera, amma kansa bai ba shi ya koma ba, sai ƙara murɗawa yake da iya ƙarfinsa. A nan kan lagireton ya tsage. Tafasasshen ruwa da tururi suka yi tsiri suka wanke masa hannun dama har gwiwa, bai kuma saki ba, sai da mutane suka janye shi da ƙarfi.

Wannan karon shi da kansa ya yi ihu. "Jama'a, matata! Asibiti za ta!" Wani mai tasi ya sauke fasinjojinsa ya ɗauke ta, ta kuwa samu lokacinta da ƙyar. Shi aka bari da masu tura mota, direbobi na ta zaginsa suna danna ham don ya tare gada. Sai da rana ta yi tsaka ya isa asibitin, fatar hannun ta saɓule. Auta ta same shi a baranda ana naɗa masa bandeji. Ya jira faɗa, ya ma shirya masa. Sai ta zauna kusa da shi ta riƙe ɗaya hannun tana kuka, wannan kuwa ya fi masa faɗan ciwo.

Mai Dalma ne ya sa aka ja motar zuwa shagonsa. Washegari ya zo gida da wani siririn bututu a hannu, ya tsuguna a rumfa gaban abokinsa, ya buga shi a siminti. Busasshiyar laka ta zubo, da tsatsa, da ɓawon ƙwari.

"Gidan zanzaro ne, wani a kan wani, ya zama dutse. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ba ta ɗiga don ba ta da ta inda za ta ɗiga. Duk shekarun nan ta murfin take numfashi, mu kuma muka haɗu muka toshe mata." Ya goge hannu a wando. "Da na matsa maka, da ba a kai ga haka ba."

"Ka faɗa, ni ne ban ji ba."

"Na samo wani bututun na sa, na liƙe inda ya tsage. Yanzu kam ta gyaru. Ko da sarƙa ka ɗaure murfin ba abin da zai same ta."

Malam Dakata ya daɗe yana kallon lakar. Abin da ya yi shekaru yana jan baƙi su gani, yana washe baki, ashe cutar ce da kanta. Kunya ta rufe shi, da baƙin cikin da ba shi da wanda zai ɗora wa.

Da la'asar motar surukinsa ta tsaya a ƙofar gida. Auta ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya, zannuwa da magunguna da butar Uwargida. Surukin ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa mukulli. Malam Dakata ya bi 'yarsa ɗaki da bututun a hannun hagu, ya manta da girma, ya manta da wanda ke saurare a waje.

"Auta, duba nan. An gano abin. Ba murfin ba ne, wannan ne, kuma Mai Dalma ya gyara. Wallahi ba za ta sake tsayawa ba."

"Baba, da wane hannun za ka tuƙa?"

"Hannu ai warkewa yake. Kafin nan in tare mata tasi, ai na iya yanzu. Don Allah, 'yata."

Auta ta tsaya da zani a hannu. Ba ta taɓa jin ubanta ya roƙi kowa ba, sai ta juya ta dubi uwarta. Uwargida tana zaune a bakin gado, ta riga ta sa takalmi.

"Ci gaba da haɗawa," ta ce da Auta. Sannan ta ce, "Malam, zo ka zauna."

Ya zauna kusa da ita.

"Ba ita ta zo da kanta ba, ni na ce ta zo. Kada ka riƙe ta a rai."

"Ke?"

"Ni. Jiya ina kallonka ta gilashi. Ruwan yana dafa ka, kana ji, ka ƙi saki. Na buga gilashin har hannuna ya gaji, ba ka ji ni ba." Ta ɗora yatsunta da suka kumbura a kan bandejin, a hankali. "Na yarda motar ta gyaru. Kai ne ba za ka gyaru ba. Gobe in taya ce ta fashe, ƙarƙashinta za ka shiga. Ni kuma ƙarfina ya ƙare, Malam. Ba zan iya ɗaukar ciwona in ɗauki tsoron abin da za ka yi wa kanka ba. Ka bar ni in yi jinyata da abu ɗaya."

Ya san ba ƙarya ta yi ba.

"Yaushe za ki dawo?"

"Ka ji abin da suka ce a asibiti, ai tare muka je. Ka riƙa zuwa da rana, lokacin yara suna makaranta. Kuma ka riƙa cin abinci, kada in ji an ce."

Surukin ya kwashi kaya. Malam Dakata bai yarda kowa ya kama ta ba, shi ya tallafe ta da hannun hagu, suna tafiya a hankali ta gaban rumfar da babu komai a ciki, har bakin titi. Maƙwabta sun fito suna yi mata fatan sauƙi, ba wanda ya tsokane shi yau. Ya buɗe mata ƙofar baya, ya jira ta zauna sosai, ya tattara gefen zaninta ya tura ciki kada ƙofa ta kama, sannan ya rufe a hankali. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta za ta zagaya wajen sitiyari, sai ya ga surukin ya riga ya zauna a wurin. Ya ja da baya ya ba su hanya.